Takalmin Kyaftin a Bayan Feda

Akwai wani matuƙin ƙaramin jirgin sama da abokan aikinsa ke kira Kyaftin Gayu. Ba shi ya raɗa wa kansa sunan ba, amma in an kira shi da shi har wani lumshe ido yake yi don daɗi.

A faɗi gaskiya, ya iya tuƙi. In ya sauke jirgi, fasinja sai ya leƙa ta taga kafin ya yarda an taɓa ƙasa. Matsalarsa ɗaya ce, ya san ya iya, kuma yana son duk wanda ya gan shi ya sani tun daga nesa.

Yana aiki ne da wata 'yar ƙungiya mai ƙananan jirage uku, masu kujeru shida-shida. Aikinsu kai magani ƙauyukan da mota ba ta isa da wuri, da ɗauko marasa lafiyar da jikinsu ya yi tsanani zuwa babban asibiti.

A rumfar da ake ajiye jiragen akwai wani dattijo, Baba Makanike. Yana ɗan ɗingishi da ƙafar dama, kuma ko ana zafin da kwalta ke narkewa ba ka ganinsa sai da riga mai dogon hannu, a ɓalle har wuyan hannu.

Baba yana da wata ɗabi'a da ke ba mutane dariya. In matuƙi ya zo ɗaukar jirgi ya gaishe shi, ba fuskarsa yake fara kallo ba, ƙafarsa yake kallo. Sai ya gamsu da abin da ya gani sannan ya ɗago ya amsa gaisuwar. Shi ya sa a bayan idonsa suke ce masa Baba Duba-ƙasa.

Duk sabon matuƙin da ya zo, ranar farko Baba zai tambaye shi lambar takalminsa. Kafin mako ya zagayo zai tarar da kambas baƙi, mai igiya, a aljihun bayan kujerarsa. Kambas ne dai irin wanda ba ya burge kowa.

Haka ya yi wa Kyaftin Gayu. Har ya zaunar da shi a cikin jirgi ya nuna masa ƙasan kujera, kamar mai koya wa ɗan makaranta.

"Ɗana, ka ga fedojin nan biyu? Kai ka fi ni sanin aikinsu. Su ke juya wutsiya, su ke miƙe maka hancin jirgi a kan titi, birki kuma yana samansu. In ka taka ɗaya ta yi gaba, ɗayar sai ta dawo wajenka. Bayansu kuwa lungu ne, abin da ya faɗa can hannunka ba ya kai masa kana sama."

Kyaftin ya duba agogonsa.

Baba ya ci gaba: "Saboda haka takalmi ya kama dunduniya. Ƙasansa ya zama roba, shafal, ba mai kauri ba, don ka ji abin da kake takawa. Igiya a ɗaure ta a cusa bakinta ciki. Riga da wando na auduga, kada su matse ka, kada kuma su yi reto. Nailan kam ko kyauta aka ba ka, bar shi a gida."

"Ka gama, Baba?" in ji Kyaftin.

"Na gama."

Kyaftin ya zaro kambas ɗin da yatsu biyu, ya sake shi a ƙasa gaban tsohon. "Kada in ƙara ganin wannan tsumman a jirgina."

Baba ya sunkuya ya ɗauka, ya kaɗe, ya kai kan kanta ya ajiye. Tun daga ranar, kullum Kyaftin ya zo Baba zai dubi ƙafarsa, ya amsa gaisuwar kansa a ƙasa. Shekara biyu suna tare, bai taɓa ɗagowa ya kalli fuskarsa ba.

Ni dai abin da ya fi ba ni haushi a labarin nan shi ne, sau da yawa Kyaftin yana tashi da takalman gayunsa ya dawo lafiya. Duk dawowa ɗaya sai kansa ya ƙara girma.

Ana nan, wata rana aka ce masu ɗaukar hoto za su zo daga wata mujalla, za su yi rubutu a kan aikin ƙungiyar. Manaja ya ce kowa ya zo tsaf.

Ai kuwa an taɓo wa Kyaftin inda yake masa ƙaiƙayi. Ya zo da wata kwat shuɗiya mai maɓallan zinariya, ta kama shi cif kamar a jikinsa aka ɗinka ta. A ciki riga ce fara ta nailan, sai sheƙi take. Safarsa mai santsi. Takalmin kuwa na fata ne, mai dogon baki, marar baya, irin wanda ake zura ƙafa kawai a tafi. Sai ka wanke hannu kafin ka taɓa shi.

Ana cikin ɗaukar hoto, ya jingina da fiffike yana gyara tabarau, sai ga mai kula da rediyo ya fito da gudu.

"Maciji ya sari wata yarinya a wani ƙauye! Shekararta tara. Ƙaramin asibitinsu ba su da maganin, kuma numfashinta ya fara sarƙewa. Sun ce in an wuce awa biyu, sai dai haƙuri."

Sauran matuƙan biyu suna can wani aikin. Kyaftin kaɗai ke ƙasa. Tafiyar minti arba'in ce zuwa, arba'in dawowa.

Sista, ma'aikaciyar jinyar da ke bin jirgin, ta riga ta suri jakarta da tukunyar iskar numfashi. Kyaftin ya nufi ƙofar jirgi yana taku ɗai-ɗai, don ya ga masu hoto sun juyo da kyamarorinsu.

Sai ga Baba a gabansa, kambas a hannu, rigar auduga a kafaɗa.

"Minti biyu, ɗana. Cire kwat ɗin, canza takalmin. Kafin Sista ta gama ɗaure kayanta ka gama."

"Matsa min, Baba. Ba ka ji rai ake magana ba?"

"Don ran nake faɗa maka. Rana ta take, za ku sha girgiza a kan duwatsu. Kuma da la'asar iska za ta buso daga gefe."

Kyaftin ya dubi baƙin, ya yi wani murmushi. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Baba, aikinka ɗaure noti, ba ɗaure min igiyar takalmi ba. Wai tsaya ma, ka taɓa tashi sama ko da a mafarki ne?"

Ɗaya daga cikin masu hoton ya ƙyalƙyale da dariya. Manaja ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya dubi baƙin, ya haɗiye.

Baba ya matsa gefe. Ya zagaya ya duba taya, ya shafa farfela, ya buɗe ƙofar baya kamar mai gyara belet ɗin gadon mara lafiya, ya rufe. Sannan ya ɗaga hannu alamar a tafi.

Zuwa lafiya lau. Suka sauka a wani ɗan fili mai ciyawa kusa da ƙaramin asibitin, aka shigo da yarinyar a kan gado. Ƙafarta ta kumbura, idanunta sun rufe rabi, leɓenta ya fara canza launi.

Mahaifinta ya biyo su. Manomi ne, siriri, ƙafarsa duk laka, bai taɓa shiga jirgi ba. Sai kiran 'yarsa yake a hankali, "Auta, Auta, ga ni nan." Baya ya cika da gado da kayan Sista, dole aka zaunar da shi gaba, kusa da Kyaftin.

Kyaftin ya dubi lakar, ya janye ƙafarsa. "Malam, kada ka taɓa komai. Kuma ka yi nesa da takalmina."

"To, ranka ya daɗe," in ji mutumin, ya tattara ƙafafunsa wuri ɗaya.

Suna tashi Sista ta yi magana ta rediyon kunne. "Kyaftin, ta daina numfashi da kanta, ni ke matsa mata jaka. Iskar tukunyar nan za ta kai mu kusan awa ɗaya in Allah ya so. Kada ka tsaya kallon gari."

"Minti arba'in, Sista. Ki sa agogo."

Sun yi rabin awa suna tafiya suka iso kan duwatsun da Baba ya ambata. Jirgi ya fara tsalle. Can sai suka faɗa wani ramin iska, jirgin ya yi ƙasa kamar an saki igiyarsa, kowa ya tashi daga kujera sai da belet ya riƙe shi.

A nan takalmin ƙafar dama ya suɓuce.

Kyaftin ya laluba da ƙafa, bai ji shi ba. Ya sake lalubawa, babu. Ya ce a ransa, in an sauka na nema. Abin da ya dame shi a lokacin shi ne kada masu hoto su gan shi ya fito da takalmi ɗaya.

Suka hango titin jirgi. Motar asibiti na tsaye a gefe, ƙofarta a buɗe. Ƙyallen da ke nuna iska ya miƙe sambal, iskar na busowa daga hagu da ƙarfi, kamar yadda tsohon ya faɗa.

Kyaftin ya rage totur, ya saukar da hanci. Iska ta fara juya kan jirgin zuwa hagu. Wannan ba komai ba ne a wurinsa, ya yi irinta sau ɗari. Fedar dama kawai zai taka ya miƙe shi.

Ya taka. Feda ta ƙi motsi.

Ya ƙara takawa da ƙarfi. Kamar bango yake takawa.

Ƙasa na tahowa, jirgin kuma a karkace yake, hancinsa na kallon kwalbatin gefen titi da tankin man da ke bayansa. In taya ta taɓa ƙasa a haka, ba za su tsaya a kan titi ba.

Ya danna totur har ƙarshe. Inji ya yi ƙara, jirgin ya ƙara karkata hagu, ya ɗaga da ƙyar. Rufin rumfar jirage ya wuce ta ƙarƙashinsu, kusa ƙwarai, har ya ga ƙusoshin kwanon.

"Innalillahi!" in ji Sista. "Kyaftin, mene ne haka?"

Mai rediyo ma ya shigo. "Kyaftin, lafiya? Me ya hana ka sauka?"

A nan ne zai faɗi gaskiya. Amma ya tuna Manaja na tsaye a wurin, da masu hoto, da Baba. Kunya ta rufe masa baki.

"Iska ce," ya ce. "Zan sake zagayowa."

Ku ji fa. Yarinya na kwance ana hura mata numfashi da hannu, shi kuma yana kare mutuncin takalmi.

Ya yi sama kaɗan ya fara zagaye. Ya dinga dukan fedar da ƙafa, yana duka yana ƙarawa, safa na zamewa a kan ƙarfen. Bai san kowane duka ƙara cusa takalmin yake yi a lungu ba.

Da ya ga ba ci, sai ya sunkuya zai miƙa hannu. Kwat ta riƙe kafaɗarsa, hannun ya tsaya a gwiwa. Ya yunƙura da ƙarfi, ɗinkin baya ya yage, ƙirjinsa ya danne sitiyari. Jirgi ya sunkuya ƙasa gaba ɗaya.

Mahaifin yarinyar ya riƙe kujera da hannu biyu yana salati. Kyaftin ya fizgo sitiyarin, suka dawo daidai. Gumi ya karyo masa, rigar nailan ta manne a bayansa, numfashinsa ma da ƙyar yake fita.

"Saura minti goma sha biyu a tukunya," in ji Sista. "Hannuna ya fara sagewa. Don girman Allah ka sauke mu."

Tsoro ya kama Kyaftin, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba tun da ya fara tuƙi. Ya rasa abin yi.

Sai rediyo ya yi ƙara, wata murya daban ta shigo, a natse.

"Ɗana. Wace ƙafa ce?"

Baba ne. Yana tsaye a ƙasa ya ga yadda wutsiyar jirgin ta ƙi juyawa, ya gane komai. Ya ja ƙafarsa da sauri har ɗakin rediyo ya karɓi abin maganar.

Kyaftin ya ce, da wata 'yar murya da shi kansa bai san yana da ita ba, "Dama ce, Baba. Takalmina ya faɗa bayan feda."

"To. Daina dukanta. Ka ji ni? Ɗauke ƙafarka daga kanta gaba ɗaya."

"Na ɗauke."

"Yi sama, ka bar kusa da ƙasa. Can iska ta fi kwanciya, kuma za ka sami wurin yin kuskure."

"Baba, lokaci..."

"Na san lokaci. Yi sama."

Ya yi sama. Sista ta ce saura tara.

"Yanzu ka tuna abin da na nuna maka farkon zuwanka," in ji Baba. "In ka taka ɗaya, ɗayar me take yi?"

Idon Kyaftin ya buɗe. "Tana dawowa wajena."

"Yawwa. Taka ta hagu a hankali har ƙarshe. Jirgin zai karkace, kada ka tsorata, riƙe shi da sitiyari. Ta dama za ta saki abin da ta matse. Kana jin ya saku sai ka ɗaga hanci sama, ya gangaro maka da kansa."

Kyaftin ya taka ta hagu. Jirgin ya juya a karkace, iska na kuka a jikin taga. Babu abin da ya faru.

"Bai fito ba!"

"Saki. Sake takawa. Wannan karon ka ɗan jijjiga ta."

Ya sake. Sai ya ji wani ɗan ƙaras a ƙasa. Ya ja sitiyari, hanci ya ɗaga, takalmin ya gangaro ya bugi dunduniyarsa. Dogon bakin nan ya lanƙwashe, fatar ta yage.

Ya sa ƙafa ya ture shi gefen manomin. Mutumin ya yi wuf ya ɗauke ya rungume a cinya.

"Ya fito, Baba! Ya fito! Zan sauka."

"Tsaya. Da wace ƙafar za ka taka birki? Safar nan za ta zame maka a daidai lokacin da kake buƙatarta, ɗayan takalmin kuma yana nan yana jiran nasa rabon. Cire shi ka ba wanda ke kusa da kai."

"In sauka ba takalmi?"

"Sa hannu a aljihun bayan kujerarka."

Hannun Kyaftin ba ya kaiwa. Ya taɓa manomin, ya nuna masa da yatsa, don mutumin ba shi da rediyon kunne. Manomin ya juya ya laluba, ya zaro kambas baƙi. An sassauta igiyarsa, an buɗe bakinsa, ƙafa kawai yake jira.

Kyaftin ya gane shi. Tsumman da ya yar ne shekara biyu da suka wuce.

"Saura shida," in ji Sista.

Ya fitar da ɗayan takalmin, ya tuɓe safar da yatsun ɗaya ƙafar, ya zura ƙafafunsa. Amma ba ya iya sakin sitiyari ya ɗaure igiya. Manomin ya gane ba tare da an faɗa masa ba. Ya sassauta belet ɗinsa, ya lanƙwasa jikinsa a wannan ɗan matsatsin wuri, ya ɗaure igiyar ɗaya bayan ɗaya da hannayensa masu kanta. Ɗaurin da yake yi wa buhu ya yi masa, wanda ba ya kwancewa.

Wannan ne mutumin da aka ce ya yi nesa da takalmi.

"Cusa bakin igiyar ciki," in ji Baba, kamar yana ganinsu. Kyaftin ya nuna, manomin ya cusa.

Suka juyo kan titi. Iska ba ta ragu ba, ta ma ƙaru. Ta bugi jirgin daga hagu, hanci ya fara juyawa. Kyaftin ya taka fedar dama.

Ta tafi sumul. Yana jin ƙarfen a tafin ƙafarsa kamar ba takalmi.

Tayar hagu ta taɓa ƙasa, ta dama ta biyo. Jirgin ya so ya kauce, ya dawo da shi. Ya taka birki da ƙafa biyu, robar ta kama, ba ta zame ba. Suka tsaya daidai gaban motar asibiti.

Kafin farfela ta gama tsayawa an fitar da yarinyar. Allurar tukunyar iska ta kwanta a kan ja. Sista ta bi gadon da gudu tana matsa jakar, ba ta ko waiwayo ba.

Kyaftin ya bi su asibiti da yagaggiyar kwat da kambas a ƙafa. Ya zauna a benci a bakin ɗakin, kansa a ƙasa. Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta shiga, ba wanda ya fito. Duk ƙofar da ta motsa sai ya ɗago kai.

Can Sista ta fito tana murza hannunta. Ya miƙe tsaye.

"Ta fara numfashi da kanta," ta ce. "Likita ya ce a bakin ƙofar mutuwa aka tsayar da ita."

"Alhamdulillahi," in ji Kyaftin.

Sista ba ta gama ba. "Minti goma sha huɗu, Kyaftin. Minti goma sha huɗu muka yi muna yawo a saman filin nan. Ba agogo na duba ba, a ƙirjin yarinyar nan na ƙirga su. Baba minti biyu ya roƙe ka."

Ta wuce ta bar shi a tsaye.

Sai ga mahaifin yarinyar, idanunsa jajur. Yana riƙe da takalman gayun nan biyu. Ya goge su da gefen rigarsa har sun dawo da ɗan sheƙinsu. Shi bai ji abin da aka faɗa a rediyo ba, bai san me ya faru ba. A ganinsa jirgi ne ya lalace, wannan bawan Allah ya yi ta fama har ya cece su.

Ya durƙusa ya miƙa takalman da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, ga takalminka. Ka yi haƙuri, ɗayan ya lalace saboda mu. Ba ni da abin da zan saka maka da shi. Allah ya raya maka naka kamar yadda ka tsaya wa tawa."

Da zaginsa mutumin ya yi, da ya fi masa sauƙi. Kyaftin ya kama shi ya ɗaga, hawaye na zubo masa.

"Tashi, Yaya. Wallahi ba ni na cece ta ba. Wannan takalmin da kake gogewa shi ya kusa kashe maka ita, kuma ni na sa shi da gangan bayan an hana ni. Ka yafe min."

Manomin ya dubi takalmin, ya dubi Kyaftin. Sannan ya ajiye su a kan benci a hankali, ya goge hannunsa a riga.

"Tana numfashi," ya ce. "Allah ya yafe mana gaba ɗaya." Ya koma bakin ƙofar 'yarsa ya zauna.

Rana na shirin faɗuwa Kyaftin ya koma rumfar jirage. Baƙi sun tafi. Baba na durƙushe a cikin jirgin da tocila, yana duba ko fedar ta lanƙwashe.

"Baba," in ji Kyaftin. "Yaushe ka mayar da kambas ɗin?"

"Kullum. In za ka tashi in sa, in ka dawo in cire kafin ka gani."

"Shekara biyu?"

"Ba nauyi gare shi ba."

Kyaftin ya durƙusa a kan simintin nan mai baƙin mai, bai damu da wando ba. "Na ci mutuncinka a gaban mutane. Har na tambaye ka ko ka taɓa tashi sama."

Baba ya kashe tocilar. Ya ɓalle maɓallin hannun rigarsa, ya naɗe ta har gwiwar hannu. Fatar duk ta tattare, tabon ƙuna ne tun daga wuyan hannu har inda riga ta rufe.

"Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙi," ya ce. "Na fi ka gayu, ɗana, ka tambayi waɗanda suka san ni. Ranar da nawa takalmin ya faɗa bayan feda, babu kowa a rediyo da zai ce min in taka ɗayar. Muka bar titi, wuta ta tashi. Rigar nailan ce a jikina, ka ga abin da ta bar min."

Ya mayar da hannun rigar.

"Ƙanena ne a kujerar gefe. Ya daɗe yana roƙona in ɗana shi jirgi. Ni na fito, shi bai fito ba."

Kyaftin kuka kawai yake yi, irin na wanda ya ga ramin da ya tsallake.

Washegari da safe ya zo aiki da wando da riga na auduga, ba kwat, ba abin da ke reto. Abokan aiki suka yi ta ƙus-ƙus, wani ya ce yau Gayu ya yi ritaya. Ya wuce kai tsaye wajen tsohon.

"Ina kwana, Baba."

Baba ya dubi ƙasa kamar kullum. Kambas baƙi, an ɗaure tam, bakin igiya a ciki. Ya ɗan taɓa dunduniyar da kan takalminsa don ya tabbatar ta kama.

Sannan ya ɗago kai. Karo na farko cikin shekara biyu, ya kalli Kyaftin ido cikin ido.

"Lafiya lau, ɗana," ya ce. "Ashe haka fuskarka take."

Darasi: Kayan aiki ba don ido ake sa su ba, don rai ake sa su, naka da na waɗanda suka ba ka amanar nasu. Kuma in dattijo ya nace maka a kan wani ɗan abu da kake gani bai kai ya kawo ba, ka saurara, wataƙila shi ya riga ya biya da abin da ba ya dawowa. Kada girman kai ya hana ka gyaran minti biyu, kada kunya ta hana ka cewa ka yi kuskure tun da sauran lokaci. Ku tura wa direba, matuƙi, da duk wani naku da rayukan mutane ke hannunsa, ko wani zai duba ƙafarsa kafin ya tashi.